Kujerun Turkiyya da Aka Haɗa a Lokuwa

Na daɗe ina ja da baya kafin in rubuta labarin Malam Maharazu kafinta. Ban tabbata shi ne wanda aka cuta ba, domin ƙaryar da zan ba da labarinta shekaru ya yi a cikinta, kuma da hannunsa yake ɗaure kwalayen. Na kuma tambayi kaina, a garin da ya ga abin da Mubi ta gani, wai kujera ce abin ɓacin rai? Mutane sun rasa gidaje, sun rasa 'yan'uwa, ni kuma in zauna ina huci a kan wata 'yar takarda da aka manna a ƙarƙashin katako. Har yanzu ban gama da waɗannan tambayoyi ba. Amma ina cikin ɗakin ranar jeren 'yarsa Khairat, kuma abin da na gani ya ƙi barina.

Da na dawo daga karatu a Turkiyya na sami aikin koyarwa, na kama ɗaki da falo a unguwar Lokuwa, cikin Mubi. Ba ni da komai sai katifa da littattafai. Abin da nake so ba shi da yawa: kujera siririya, marar nauyi, wadda ba a sassaƙa mata kan zaki a hannu ba, wadda za ta shiga ƙofar gidan haya ba sai an cire ƙyaure ba. Kowa na tambaya sai ya ce in je shagon Alhaji Mansir da ke bakin titi, mai gilashi tun daga sama har ƙasa.

Na je. Kujerun kuwa sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ƙafafu sirara, hannu a lanƙwashe kamar an zuba shi, yadi ruwan toka marar hayaniya. Alhaji Mansir da kansa ya taso, mutum mai fara'a da ƙamshin turare.

"Hajiya, idonki ya san kaya. Wannan Turkiyya ce zalla, ko mako ba ta yi da sauka ba."

Ya kifa ƙaramar kujera ya nuna mini ƙasanta. Ga sitika ja, da sunan ƙasar da manyan baƙaƙe. Na ce masa ai a can na yi karatu. Ko gezau bai yi ba.

"To alhamdu lillahi, ke ba sai na yi miki dogon bayani ba."

Da ya faɗi kuɗin sai na yi masa godiya, na fito na tari keke. Na koma gida na ci gaba da zama a kan tabarma.

A bayan gidan da nake haya akwai ƙarar zarto da ke tashina kullum da safe. Wata Asabar na bi ƙarar don in ba da aikin kantar littattafai. Na tarar da rumfar kwano a gindin dalbejiya, garin katako har idon sawu, da wani mutum siriri mai furfura a gemu, ya ciji ƙusa yana auna katako. Shi ne Malam Maharazu. A bayansa, an ɗan yafa mata buhu, ga ƙashin kujerar da na gani a shagon gilashi. Ba yadi, ba soso, amma ita ce, har lanƙwasar hannun.

Bayan mun gaisa na ce, "Malam, ashe kana kwaikwayon na shagon Alhaji Mansir?"

Ya tofar da ƙusar a tafin hannunsa, ya dube ni, ya jawo mini benci.

"Zauna tukuna, Malama. Wa ya kwaikwayi wa?"

Bai faɗa mini komai ba a ranar. Sai a hankali, ina zuwa duba kantata, yana aiki ina zaune, labarin ya riƙa fitowa guntu-guntu.

Kakansa daga wajen Ƙaura Namoda ya zo Mubi da fataucin fata, ya yi aure, bai koma ba. Maharazu a nan aka haife shi, yana jin Fulatanci kamar Hausa, yana kuma iya gaisuwa da harsunan Kamwe da Gude daidai yadda za a rage masa kuɗin katako. Sana'ar a wurin wani Oga Edwin ya koye ta, mai yin ƙofofi da bencin makaranta. Daga gare shi ya ɗauki wata al'ada: duk abin da ya gama, sai ya ɗora wani ƙarfe a wuta ya ƙona sunansa a ƙasan katakon. Oga Edwin ya ce musu in aiki ya lalace, mai shi ya san ƙofar da zai buga. Wani maƙeri a Gella ne ya ƙera wa Maharazu nasa ƙarfen. Kalma biyu ce a jiki, Maharazu da Lokuwa.

Shekarar da 'yan ta'adda suka mamaye garin, ya kwashi iyalinsa suka gudu Yola da kayan jikinsu. A can ya sami aikin yini a wani babban wurin haɗa kayan ɗaki, inda masu kuɗi ke zuwa da hoto a waya su ce irin wannan suke so. Nan ya fara lura da kujerun da ba su da ado sai tsari. Da suka dawo Mubi ya tarar an kwashe rumfarsa tas, ƙarfen sunan kawai ya tsinta a cikin toka. Ya kuma lura da wani abu. Mutanen da suka taɓa gudu suka bar manyan kujeru a baya, da ɗaliban da ke sauya ɗaki duk shekara, da sababbin ma'aikata irina, duk abu ɗaya suke bukata: kaya mai kyau, marar nauyi, wanda za a kwance ƙafafunsa a ɗora a keke. Ya zauna ya fitar da nasa fasalin. Ya yi saiti guda, ya jera a bakin rumfa, ya sa masa kuɗin da malamin firamare zai iya.

Damina ta zo ta wuce, saitin yana nan. Mata su tsaya, su shafa, su zauna, su ce ya yi kyau, sannan su tambaya daga ina. Da zarar ya ce shi ya yi, sai a miƙe.

"Wata har ce mini ta yi na yi rowar katako," in ji shi. "Wai ƙafar ta yi siriri, kuɗi ne ba ni da shi."

Sai Mansir ya zo. Tare suka yi firamare, benci ɗaya. Lokacin yana sayar da labule da kafet. Ya zagaya saitin, ya ce a kai masa shago. Ya nemo kwalayen da aka ciro kayan waje a cikinsu, ya sa aka naɗe kujerun da leda, ya je wurin masu buga kati ya bugo sitika. Kafin Juma'a ta zagayo an saya, a kan ninkin-ba-ninkin abin da Maharazu ya nema.

Daga nan suka ƙulla. Maharazu zai riƙa yi, a kai ta ƙofar baya a rufe da tamfol. Ba zai jera irin kujerun a gaban rumfarsa ba, ba zai kuma faɗa wa kowa ba. Shi kuma aiki ba zai yanke masa ba. Abu ɗaya ya ƙi bari, ƙona sunansa. Mansir bai yi masa gardama ba. Ya sa tsinke ya auna tsawon sunan da faɗinsa, ya ce wa masu bugu su yi sitikar daidai yadda za ta rufe shi. Wannan awon shi ne abin da na kasa haɗiyewa. A ce mutum ya durƙusa ya auna sunan abokinsa don kada ko harafi ɗaya ya leƙo.

Wanda bai taɓa shiga ɗakin jere a Mubi ba zai ce me ya sa sitikar take a ƙasa, inda ba mai gani. Ai nan ne ake gani. Idan an gama jera kayan amarya, dangin ango mata suka shigo, akwai wadda aikinta ke nan: ta kama ƙaramar kujera ta kifa, sauran su sunkuya. In an ga sunan wata ƙasa, a rangaɗa guɗa. In ba a gani ba, a ce "Allah ya sanya alheri" da wata irin murya, kuma kafin magariba an san uwar amarya ba ta yi ƙoƙari ba. Ba mai zama ya ji ko kujerar tana da daɗi. Ledar ma ba a cirewa. Amarya za ta shekara baƙi suna zama a kan leda cikin zafin Mubi, suna tashi zane na manne musu, kwalayen kuma a ninke a saman wadirob inda ido zai kai. Na san gidajen da aka sayar da amfanin gona na shekara guda saboda wannan sunkuyon. Madam Margret, malamar firamare 'yar garin Bahuli, wadda ta koyar da Khairat tana ƙarama, waken da ta noma da gyaɗarta duka ta kai kasuwa don ta yi wa 'yarta Anita saitin Turkiyya a shagon Mansir. Ta faɗa mini haka da bakinta, tana alfahari.

An daɗe da gama kantata lokacin da aka sa ranar Khairat. Ita ce babbar 'yarsa, ta karanta aikin gwajin jini, tana aiki a wani ƙaramin asibiti. Angon, Abdulhakeem, mutumin Gella ne, su biyun suka daidaita kansu. Maharazu ya shiga can ƙuryar rumfa ya jawo wasu allunan maɗaci da ya ajiye tun tana sakandare. Duk wanda ya taya su a shekarun nan ya ce ba na sayarwa ba ne. Yakan gama aikin Mansir da la'asar, sannan ya koma kan na Khairat har a kira magariba. Gado, saitin kujeru, teburin tsakiya, madubi. Ya kira ta ya auna tsawon ƙafarta daga gwiwa zuwa ƙasa, don ita gajera ce, ya ce ba zai yi mata kujerar da ƙafarta za ta riƙa lilo ba. Ban taɓa ganin ya goge katako kamar yadda ya goge waɗannan ba.

Ina zaune wata yamma Mansir ya faka mota ya shigo, yana tattare babbar riga kada ta kwashi garin katako. Ya zagaya kayan yana jinjina kai.

"Kai, abokina! Wannan ai ko ni sai in rantse daga jirgi aka sauke."

Ya zaro ambulan daga aljihu ya ajiye a kan teburin aiki.

"Ga gudummawata. 'Yarka 'yata ce. Sabon bugun sitika ne, mai ruwan zinare, ban manna wa kowa irinsa ba tukuna. Kwalaye ma zan aiko."

Maharazu ya buɗe, ya leƙa, ya rufe.

"Mansir, wannan na 'yata ne."

"Shi ya sa na kawo mai kyau."

"Na ce na 'yata ne. Ni na yi mata."

"To wa ya ce ba kai ba ne? Ni na sani, kai ka sani, Allah ya sani. Matan Gella ne kawai ba sai sun sani ba." Ya yi dariya, ya juyo wurina. "Ko ba haka ba, Hajiya 'yar Turkiyya?" Sannan ya rage murya. "Kuma ka yi tunani. In aka kifa aka ga sunanka a kan irin kayan da ke shagona, ni me zan ce wa mutane? Kada ka ɓata mana abinci saboda kwana ɗaya."

Ya tafi ya bar ambulan. Maharazu ya jefa shi cikin akwatin kayan aiki, ya ɗauki randar gyaran katako ya ci gaba.

Rigimar gaske a gida take. Matarsa Khadijatu ba sakarya ba ce, kuma ba na so a karanta wannan a ɗauke ta haka. Ita ta sayar da awara da zoɓo a Yola har suka ci abinci lokacin gudun hijira. Ta same shi a rumfa washegari, ina nan, ba ta damu da ni ba.

"Baban Khairat, kai ba ka shiga ɗakin jere. Ni zan zauna a tsakiyarsu. Ka san me za su ce? Za su ce ubanta kafinta ne, ya tattara ragowar katakon mutane ya ƙwanƙwasa mata. Ba za su ga maɗaci ba, ba za su ga wahalarka ba. Kuma ba ranar kaɗai ba ce. Duk ranar da ta saɓa da wata a gidan, da kujerar nan za a gora mata."

"To in yi mata ƙarya a ɗakinta?"

"'Ya'yan mutane nawa ka yi wa? Sai a kan taka za ka tuna da gaskiya?"

Da aka tambayi Khairat, cewa ta yi ita kujerun take so, ko da suna ko babu, amma ba ta son a sa mamanta kuka a bainar mata. Maharazu ya ɗora ƙarfensa a wuta ya ƙona sunansa a ƙasan kowane ɗaya, ya ce magana ta ƙare. Safiyar jere, kafin a ɗora kaya a mota, Khadijatu ta buɗe akwatin kayan aiki ta ɗauki ambulan.

Uban amarya ba ya zuwa jere. Amma gadon sai an haɗa, kuma Maharazu ya ce ba wanda zai ɗaura noti a gadon 'yarsa sai shi. Ya bi motar zuwa Gella da kayan aikinsa, tsohuwar riga mai tabon fenti, hula ta sha garin katako. Muna falo muna jera kwanuka da labule, shi yana durƙushe a ƙofar uwar ɗaka da sukundireba, ya ba mu baya.

Dangin ango suka shigo. A gabansu akwai goggonsa da ta zo daga Yola, babbar mace mai zoben zinare a yatsu, ba ta taɓa ganin uban amarya ba. Ba ta ko zauna ba ta kama ƙaramar kujera ta kifa. Mata suka sunkuya. Ruwan zinare ya ɗauki ido.

"Turkiyya!" in ji ta. Guɗa ta tashi har waje.

Na dubi Khadijatu, ta sauke ajiyar zuciya. Madam Margret, wadda aka gayyato a matsayin malamar amarya, ta tafa hannu.

"Iri ɗaya da na Anita! Wallahi iri ɗaya. Maman Khairat, kin yi ƙoƙari."

Na dubi bayan Maharazu. Hannunsa ya tsaya, sannan ya ci gaba da juya noti. Da abin ya tsaya nan, da yanzu ba ni da labari.

Goggon ta zagaya ta leƙa uwar ɗaka, ta ga mutum a durƙushe yana jan allon gado a kan siminti.

"Kai kafinta! A hankali mana. Wannan ba irin katakonku na bakin kasuwa ba ne, in ka goge fentin ba ka da abin biya." Ta juyo wurin mata tana dariya. "Ku dubi aiki don Allah. Kai ma ka buɗe ido da kyau ka koya, tunda Allah ya kawo ka kusa da shi. Kafintocin Mubi in ban da benci me suka iya?"

Wasu suka yi dariya. Waɗanda suka san shi suka sunkuyar da kai.

Maharazu ya ajiye sukundireba. Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwa, ya shigo tsakiyar mata da sallama. Kujerar tana nan a kife. Ya sa farcen babban yatsa a gefen sitikar, ya ɓare ta a hankali, kamar mai cire filasta daga ciwo. Sunan ya fito baƙi a jikin jan katako.

"Hajja, karanta wannan."

Ta sunkuya. "Maharazu. Lokuwa. Wane ne haka?"

"Ni ne. Ni ne kuma uban yarinyar."

Ya bi sauran kujerun ɗaya bayan ɗaya, ya kifa, ya ɓare. Ya dunƙule takardun ya sa a aljihu, ya koma ya ƙarasa ɗaure gadon.

Na zaci goggon za ta ji kunya. Gyara mayafi ta yi ta ce, "Ikon Allah. Ashe na gida ne. To me ya kawo yaudara?" Khadijatu ta tashi ta fita. Madam Margret kuwa ta bi shi har ƙofar uwar ɗaka.

"Baban Khairat, tsaya. Na Anita fa?"

Bai ɗago ba. "Maman Anita, in kin je ki ɓare ki gani."

Kafin a kai amarya labarin ya riga ta shiga gari. A makon nan mata da yawa sun kifa kujerunsu a ɓoye. Wasu sun ɓare, sun gani, sun nemo gam sun mayar. Mansir bai zo rumfa ba, bai kira ba, aiki kawai ya yanke. Ga abin da ya riƙa faɗa wa masu tambaya: wai Maharazu ɗan haɗa kaya ne, in kwantena ta sauka shi ake ba ya ɗaura ƙafafu, shi ne ya riƙa satar hanya yana ƙona sunansa a kayan mutane. Kuma aka yarda. Ba don maganar ta shiga hankali ba, sai don ta fi daɗin ji ga duk wanda ya riga ya biya. Mansir ya samo wani kafinta a wani gari, wanda ba shi da ƙarfen suna. Ma'aikatan Maharazu biyu suka bi aikin can. Shagon gilashi yana nan cike, na wuce ta gabansa jiya.

Madam Margret ta zo rumfa ana gama ruwan sama, da laka a takalmi, tun daga nesa ake jin ta.

"Baban Khairat, ka ɓata min kaya! Jiya kujera na Turkiyya ne, yau ya zama na Lokuwa. Dangin miji na Anita suna ta dariya."

"Sannu da zuwa, Maman Anita. Kujerar ta karye?"

"Bai karye ba."

"Tana ƙara in an zauna?"

"Ba wannan ne magana ba! Wake na duka, gyaɗa na duka!"

"To ai ba ni na karɓa ba. Kin je wurin Mansir?"

"In je in ce mene? Shi Alhaji ya rufa min asiri. Kai ne ka tona."

Ta faɗi haka da zuciya ɗaya, idonta da ƙwalla. Na so in ji haushinta, na kasa. Mace ce da ta yi noma da hannunta don kada a raina 'yarta. Haushina yana kan abin da ya sa malamar makaranta ta gwammace wanda ya cuce ta a kan wanda ya yi mata kujerar da ba ta karye ba. Muna kukan kaya sun yi tsada, muna kukan ba a yin komai a ƙasar nan. Ga kaya mai kyau, mai araha, a bayan gidajenmu, amma ba za mu taɓa shi ba sai an naɗe shi a kwalin wani, an ninka mana kuɗi, an yi mana ƙarya. In an cire ƙaryar kuma, mai gaskiyar za mu bi da zagi.

Yanzu Maharazu yana jera kujerunsa a bakin rumfa, tunda ba sauran alkawari. Ɗalibai suna sayen teburin karatu, masu bautar ƙasa suna sayen kujera ɗaya ɗaya. Ni ma na yi saitina a wurinsa, ina kai ina rubuta wannan. Amma kayan aure su ne abincin kafinta, kuma su ne suka ƙaurace masa. Iyayen amare suna zuwa, ba wai ba sa zuwa ba. Su zauna, su yaba, su ji kuɗin su yi murna. Sai an zo tashi uwar ta matso ta rage murya ta ce, "Malam, kana da sitikar?" Ya ce babu. Ta ce za ta dawo.

Khadijatu ta daɗe ba ta yi masa doguwar magana ba, ta kuma koma soya awara a ƙofar gida. Abin da ta faɗa bai faɗi ƙasa ba: an gora wa Khairat, ba sau ɗaya ba. Na kai mata ziyara Gella bayan salla. Ta cire ledar tun makon farko, abin da ya zama wani abin magana a gidan. Na same ta zaune a kujerarta, ƙafarta a ƙasa daram, tana tsince shinkafa.

Da na dawo na biya rumfa. Na tarar da shi shi kaɗai yana gyaran ƙofar wani, irin aikin da ya bari tun zamanin Oga Edwin. Na ba shi saƙon gaisuwar 'yarsa, na zauna a benci. Akwai abin da ya daɗe yana cina, sai na tambaya.

"Malam, da goggon nan ba ta yi maka maganar da ta yi ba, da ka bar sitikar?"

Ya shafa katakon.

"Da na bari. Tun muna sauke kaya daga mota na gan ta, na yi shiru saboda Khadijatu. Amma da matar nan ta ce in buɗe ido in koya, sai na tuna ba ita kaɗai za ta faɗa ba. 'Ya'yan Khairat za su tashi a kan kujerun nan, su kifa su wata rana su karanta. Malama, ba ni da gida da zan bar mata, ba ni da gona. Abin da na iya ke nan, shi na ba ta. In sunan wata ƙasa ne a ƙasansu, to ni me na ba ta?"